Gashin Bakin Injiniya da Rijiyar Baba

A layin masu gyara, tsakanin shagon mai aski da rumfar mai faci, akwai wani mai gyaran fanka da ake kira Injiniya. Ba makaranta ce ta ba shi sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, ya kuma sa aka rubuta a allon shago da jan fenti don kada wani ya manta. Idan ka kai masa fanka mai ƙara, zai dawo maka da ita ta daina ƙara, ta kuma daina juyawa. Amma a baki, ko jirgin sama ka turo masa zai ce ka dawo da yamma ka ɗauka.

Abu biyu Injiniya yake ji da su a duniya. Na farko gashin bakinsa, wanda ya shekara ashirin yana reno, yana shafa masa mai, yana murza gefe da gefe har suka miƙe sama kamar ƙahon sa. Na biyu kuwa roka. Yana cikin wata 'yar ƙungiya ta mutum sha ɗaya masu haɗa ƙananan rokoki da bututun roba da falanki, duk Asabar ɗin ƙarshen wata su tafi tsohon filin ƙwallo na bayan unguwa su harba, a ga ta wa za ta fi lulawa sama. Tsayin da kowace roka ta kai, Sakatare ne ke rubutawa a wani babban littafi mai baƙin bango. Sakataren nan tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mai tabarau da biro uku a aljihu, wanda ko a mafarki bai taɓa tsallake doka ba.

Shekara biyu sunan Injiniya ne a saman shafi: mita ɗari huɗu da biyar. Duk wanda ya shigo shagonsa sai ya ji wannan lamba kafin ya ji abin da ke damun fankarsa. Ana nan sai ga Auta, ƙanwar matarsa, malamar kimiyya a makarantar 'yan mata, ta shiga ƙungiyar. Shi da kansa ya kawo ta, wai ta zo ta ga yadda manya ke yi. Cikin wata uku rokarta, wadda ko suna ba ta sa mata ba, ta kai mita ɗari huɗu da sha biyu. Sakatare ya ɗauko rula ya ja layi a kan sunan Injiniya, a gabansa.

Abin ya yi wa Injiniya ciwo ƙwarai. Kwana biyu bai murza gashin baki ba.

Ranar Litinin ya leƙa shagon Mai Aski, ya tarar da Sakatare a kan kujera an ɗaura masa ƙyalle a wuya, mutane cike da benci.

"Iska ce ta taimake ta," in ji Injiniya, ba tare da kowa ya tambaye shi ba.

Mai Aski ya ce, "Ita iskar ba ta san ka ba ne, Injiniya? Ko kun ɓata?"

Ana cikin dariya sai ga Auta za ta wuce gidan yayarta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗan rusuna.

"Yaya, sannu da hutawa. Na ji ana maganar iska."

"Ke Auta, kama kanki. Lokacin da na fara harba roka, ko majina ba ki iya sharewa ba."

"Gaskiya ne, Yaya. Amma yanzu na iya, har da ƙarin mita bakwai."

Benci ya fashe da dariya. Injiniya ya ji jini ya hau masa kai. Ya daki ƙirji, ya kama gefen gashin bakinsa ya ce, "Ku shaida! Ƙarshen watan nan in ban wuce ta ba, a aske wannan a tsakiyar fili, gaban kowa da kowa!"

Mai Aski ya ajiye almakashi a hankali. "Shekara ashirin ina kallon gashin nan kamar mai kallon gonar wani. Sakatare, ka ji?"

Sakatare ya zaro hannu daga ƙarƙashin ƙyalle, ya ɗauki biro ya rubuta, har da kwanan wata.

Tun daga ranar Injiniya ya rufe aikin fanka ya duƙufa haɗa sabuwar roka. Ya yanka bututu, ya goge fukafukai har suna sheƙi, ya rubuta mata suna a jiki: Ƙarshen Magana. Da ya rasa abin da zai yi laimar da za ta sauko da ita, sai ya cire labulen ɗakin matarsa mai furanni ya yanka.

"Maigida, ina labulena?"

"Ya tafi hidimar kimiyya."

"To kimiyyar ta zo ta tsaya a taga ta tare mini rana."

Roka ta yi kyau, amma zuciyar Injiniya ba ta kwanta ba. Duk lissafin da ya buga a bayan kwalin fanka, sai ya ga ɗari huɗu da biyar, in an yi sa'a da takwas. Yakan shafa gashin bakinsa ya ji kamar yana sallama da shi.

To, yadda ake sanin tsayi a ƙungiyar nan shi ne da wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana. Duk inda ka danna maɓallinta, nan take ɗauka a matsayin ƙasa. Daga nan duk hawan da ta yi sai ta ƙirga, ta riƙe mafi tsayi. Ba ta nuna lamba sai an sake dannawa bayan roka ta sauko. Kafin nan, wata 'yar koriyar fitila ce kawai ke ƙyaftawa. Kowa a fili yake kunna tasa, Sakatare ya duba ya ga fitila na ci, ya sa ta a hancin roka, ya liƙe da sholatif ya sa hannu. Bai taɓa tambayar kowa inda ya kunna ba, domin babu mai hankalin da zai kunna a wani wuri.

Saura kwana biyu, Injiniya na tsaye a tsakar gida sai ya ji muryar maƙwabcinsa ta bayan katanga. Baba ne, tsohon mai haƙar rijiya wanda kunnensa ya yi nauyi, yana ba wani baƙo labarin da ya ba kowa a layin sau ɗari: rijiyar gidansa shi ya haƙa da hannunsa, zurfinta mita sha huɗu cif, ko da yake ta ƙafe shekara tara da suka wuce.

Injiniya ya tsaya cak. Ɗari huɗu da biyar a tara da sha huɗu, ɗari huɗu da sha tara ke nan. In ya kunna na'urar a gindin rijiya, tun kafin roka ta motsa ya riga ya sami mita sha huɗu a aljihu. Ya yi wata dariya shi kaɗai har matarsa ta leƙo ta taga marar labule.

"Lafiya?"

"Mata, kin auri ƙwaƙwalwa."

"Na dai auri wanda zai saya mini labule."

Batirin na'urar awa huɗu kawai yake yi, harbi kuma ƙarfe goma ne, don haka dole a yi aikin da safiyar Asabar. Ƙarfe bakwai Injiniya ya zura farar rigarsa ta harbi, irin ta likitoci, wadda matarsa ta wanke ta goge. Ya sa wayoyin kunna roka guda uku a aljihun ƙasa don kada ya manta da su, ya naɗe na'urar a leda, ya kwance igiyar shanyar gida, ya yi sallama da Baba.

"Baba, na zo duba maka lafiyar rijiya."

"Lafiya lau, ya iyali?"

"Rijiya, Baba! Rijiya zan duba!"

"Rijiyar da ta mutu shekara tara, wace lafiya za ka duba mata?"

"Ai shi ya sa. Ba a barin marar lafiya haka."

Babu bishiya a gidan, babu turke. Injiniya ya duba ya duba, sai ya ɗaura igiya a ƙafar bencin ƙarfen da Baba ke zaune a kai.

"Baba, kai ne nauyin. Ko me ya faru kada ka tashi!"

Baba ya gyaɗa kai kamar ya ji. Injiniya ya tofa yawu a tafi ya fara sauka, tumbinsa na gugar bango. Ya wuce rabi ke nan sai butar shayin Baba ta tafasa a kan risho, ta fara zuba. Baba ya tashi.

Benci ya biyo igiya da gudu ya zo ya gitta a bakin rijiya, ƙwaram! Injiniya kuwa ya ƙarasa sauran tafiyar ba tare da ya yi niyya ba. Nan ya gano cewa rijiyar ba ta mutu duka ba. Ruwan saman makon jiya ya taru a ƙasa, shi da taɓo da kwaɗi, har ƙirji. Amma hannunsa ɗaya na sama, riƙe da leda. Ya danna maɓalli. Koriyar fitila ta kama ƙyaftawa. Duk da wari da sanyi, sai da ya yi murmushi.

Hawa kuma ya gagara. Hannu taɓo, ƙafa taɓo, ga tumbi. Ya kama igiya ya ɗaga kansa taku biyu, ya sulluɓo ya sake nutsewa. Ya ga dole sai da hannu biyu, sai ya cusa na'urar da ledarta a baki ya damƙe da haƙori. Daga nan ko ihu ba ya iya yi, sai gurnani.

Baba ya dawo da kofin shayi yana neman bencinsa. Ya leƙa rijiya, ya ja da baya, ya fita waje yana salati.

"Jama'a! Akwai wani abu mai koren ido a rijiyata, yana kuka kamar sa!"

Kafin ka ce me, gida ya cika. Mai Faci ya hasko tocila.

"Kai, Injiniya ne! Injiniya, me ka je yi a nan?"

"Mmm! Mmm!"

"Kwaɗo ya haɗiya," in ji wata maƙwabciya. "Ga hasken nan a bakinsa."

Matar Injiniya ta kutso ta leƙa. "Maigida! Da farar rigar da na goge? Kuma wannan ba igiyar shanyata ba ce?"

"Mmm!"

"Shekara ashirin da biyu da aure," ta ce da mutane, "yau ne na yi masa tambaya bai ba ni amsa ba."

Maza huɗu suka kama igiya suka ja. Ya ɗago kamar mita uku, igiyar shanya ta ce ba da ita ba, ta tsinke. Aka ji ƙarar faɗawarsa, taɓo ya fantsamo har fuskar Mai Faci. Mai Aski, wanda ya rugo da gudu ko takalmi babu, ya durƙusa a bakin rijiya yana ihu.

"Ku yi a hankali da gashin bakin nan! Ƙarfe goma zai zama nawa!"

Daga ƙarshe Mai Faci ya kawo igiyar jan mota da tsohon tif na taya. Aka jefa wa Injiniya ya zura a hammata, aka ɗaura ɗaya bakin a bayan babur. Mai Faci ya ba da wuta fiye da yadda ake buƙata. Injiniya ya fito daga rijiya kamar an cire murfin kwalba, kansa ya daki bencin Baba ya lanƙwasa shi, ya zube a tsakar gida, takalmi ɗaya, baƙi ƙirin. Kowa na jiran bayani. Shi kuwa ya miƙe, kumatu a kumbure, ya ratsa mutane ya shige gidansa.

Saura minti ashirin ƙarfe goma. Ya tofo na'urar, ya ga fitila na nan na ci, ya sumbace ta. Babu lokacin wanka. Ya wanke fuska, ya taje gashin baki ya murza shi, ya saɓi Ƙarshen Magana a kafaɗa da jiƙaƙƙiyar rigarsa ya nufi fili. Layin gaba ɗaya ya biyo shi. Har Baba ya biyo, yana jan lanƙwasasshen benci yana cewa sai an miƙe masa.

A fili 'yan ƙungiya sun hallara. Mai Aski ya riga ya kafa kujera a daidai tsakiya, ya shimfiɗa ƙyalle, yana wasa aska a tafin hannu. Auta ta dubi mijin yayarta daga sama har ƙasa.

"Yaya, roka za ka harba ko kifi ka je kamawa?"

"Ki yi dariyarki yanzu. Nan da minti goma sai kin ɗaga kai har ɗankwalinki ya faɗi."

Sakatare ya karɓi na'urar, ya ga koriyar fitila, ya shinshina ta, ya dubi Injiniya ta saman tabarau, amma doka ba ta ce komai a kan wari ba. Ya sa ta a hancin roka, ya liƙe, ya sa hannu. Aka kafa Ƙarshen Magana a kan sandar harbi. Injiniya ya zaro wayar kunnawa daga aljihu ya haɗa, ya ja da baya ya ɗaga hannu.

"Jama'a, ku buɗe ido. Abin da za ku gani yau, jikokinku za ku ba labari. Masu hawan jini su zauna. Biyar! Huɗu! Uku! Biyu! Ɗaya!"

Ya danna. Shiru. Wata akuya a gefen fili ta yi kuka.

"Tana tattara ƙarfi ne," in ji shi.

Ya sa waya ta biyu. Aka sake ƙirgawa, wannan karon jama'a na taya shi. Ya danna. Wani ɗan hayaƙi ya ce fus, ya mutu. Gumi ya karyo wa Injiniya. Ya zura hannu a aljihu don ɗauko ta uku, sai ga ɗan kwaɗo ya yi tsalle ya fito ya kama gabansa. Wayar kuwa ruwa take ɗiga. Sai a lokacin ya tuna inda aljihun nan ya kwashe awa biyu. Ya goge ta a wando, wanda ya fi ta jiƙewa, ya haɗa, ya danna, ya sake dannawa, ya danna da hannu biyu. Ƙarshen Magana na tsaye ƙyam.

Sakatare ya buɗe littafi. "Doka ta bakwai: waya uku in suka ƙi, gwaji ya ƙare. Doka ta takwas: duk na'urar da aka liƙe, a buɗe a karanta a rubuta."

"Haba Sakatare, me za a karanta? Kowa ya ga ba ta tashi ba. Bar shi kawai, kada ka wahalar da kanka."

"Doka ba ta ce in ta tashi ba. Ta ce a karanta."

Ya yage sholatif, ya danna maɓalli, ya kai na'urar kusa da tabarau. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Mita sha huɗu."

"Sha huɗu?" in ji Mai Faci. "A tsaye?"

Injiniya ya yi gyaran murya. "Ta tashi ta dawo. Saurinta ne ya fi ƙarfin idonku."

"Sau nawa?" in ji Mai Aski.

"Ba a tattauna kimiyya da mai aski."

Baba, wanda bai ji komai ba sai lambar, ya saki benci ya matso yana washe baki.

"Sha huɗu? Wa ke maganar rijiyata? Ai na sha faɗa muku, sha huɗu ce cif, da hannuna na haƙa! Ga Injiniya nan, yau da safe ya shiga har gindinta, ku tambaye shi!"

Auta ta dubi na'urar, ta dubi taɓon da ke rigar Injiniya, ta dafe baki, ta kasa riƙewa, ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye. Da ta samu numfashi ta yi wa sauran bayani, sai dariyar ta bazu har bakin titi. Sakatare kaɗai bai yi ba. Ya zaɓi jan biro ya rubuta yana karantawa da ƙarfi: "Ƙarshen Magana, mita sha huɗu. Ba ta bar ƙasa ba."

Injiniya ya tsaya da takalmi ɗaya, kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa. Auta ta ga haka sai tausayi ya kama ta. Ta share hawaye, ta buɗe jakarta ta ɗauko busasshiyar waya.

"Yaya, wata guda ka yi kana haɗa ta. Bari dai mu ga abin da ka haɗa."

Ta kashe na'urar, ta sake kunna ta a nan kan ciyawa gaban kowa, ta mayar a hancin roka. Babu jawabi, babu ƙirge. Injiniya ya danna da ɗan yatsa ɗaya, kansa a sunkuye.

Ƙarshen Magana ta yi wata ƙara ta tsaga sama, ta miƙe sak, ta ƙanƙance har ta ɓace. Ɗankwalin Auta ya faɗi. Can sai ga labule mai furanni ya buɗe yana saukowa a hankali.

"Labulena," in ji matar Injiniya, a hankali, kamar tana alfahari.

Mai Faci ya bi ta da babur ya ɗauko. Sakatare ya danna ya karanta.

"Mita ɗari huɗu da ashirin da uku."

Injiniya ya daka tsalle har ɗaya takalmin ya fita. "A rubuta! Sakatare, a rubuta! Na wuce ta da sha ɗaya! Ba rijiya, ba komai!"

Sakatare ya rufe biro, ya maƙala a aljihu. "Gwajinka ya ƙare tun ƙarfe goma da kwata. Wannan wasa ne."

Injiniya ya dubi roka, ya dubi littafi. Ashe da ya kwanta ya yi barcinsa da safen nan, da yanzu sunansa na saman shafi. Wannan ya fi duk dariyar da aka yi masa zafi. Ba wanda ya ja shi. Da ƙafarsa ya taka har tsakiyar fili ya zauna a kujera, idonsa ya ciko.

"Ɗaga haɓa," in ji Mai Aski.

Shekara ashirin suka zube a kan ƙyalle cikin minti biyu. Matarsa ta zagayo gabansa, labule a naɗe a hammata, ta ƙare masa kallo.

"Ikon Allah. Maigida, ashe bakinka ɗan ƙarami ne haka? To duk maganar nan ta ina take fitowa?"

Injiniya ya buɗe baki zai ba ta amsa, sai ya ji iska ta taɓa leɓensa na sama, sanyi ƙalau. Ya sa hannu ya rufe.